Ciwon Aro a Dosiyen Maraya

A Zangon Kalgo, wani ɗan ƙauye can bayan Korahane, babu wanda ya kai Maraya lafiya, kuma babu wanda ya kai shi yawan zuwa likita. Mutum ne gajere, busasshe, wuyansa duk jijiya. Ya haura sittin, amma har yau shi ke ɗora buhun hatsi a amalankensa ba tare da ya nemi hannu ba. Tun da aka san shi ba a taɓa jin ya kwanta jinya ba. Duk da haka, kowace ranar kasuwar Dakoro, in ya sauke kayan mutane ya ɗaure san da ke jan amalanken a gindin itacen bedi, sai ka gan shi ya nufi ɗakin shan maganin Majo Rabo yana ɗingishi, ko yana tari, ko ya dafe ciki yana nishi kamar yau za a yi ta ta ƙare. Ciwon ba nasa ba ne, na aike ne. Wannan dabarar ce ta kusa raba shi da ɗiyarsa ta fari a daminar bara.

Sunan yankansa Mahamadu. Yana ciki ubansa ya rasu, uwar ta bi baya tun bai yi wayo ba, aka ce masa Maraya, sunan ya bi shi har furfura. A hannun dangi ya tashi, yau gidan wannan kawu, gobe gidan waccan gwaggo, shi ya sa bakinsa bai koyi cewa a'a ba in an aike shi. Da ya yi ƙarfi ya sami amalanke, aiken ya girma tare da shi. Mata su ba shi sautun gishiri da kanwa da atamfa, maza su ba shi na hauya da batirin tocila. Ana nan aka fara ba shi sautun magani.

Shi Majo Rabo tsohon ma'aikacin jinya ne. Ya yi shekara talatin yana yawo a likitocin gwamnati, wato asibitoci, da ya ajiye aiki ya gyara ɗakuna uku a gaban gidansa ya ci gaba da duba mutane. Doka ɗaya gare shi, ba ya ba da magani a saƙo. Ranar da Maraya ya fara zuwa masa da cewa wata tsohuwa a garinsu ba ta da lafiya, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Mai ciwo shi taho da kainai," in ji shi. "Ni ban iya duba mutum daga nesa."

Gaskiya ya faɗa. Amma daga Zangon Kalgo zuwa Dakoro tafiyar awa uku ce a amalanke, in sa ya tashi da daɗin rai. Matar da ke da daka da ɗiban ruwa ba za ta bar gida don zazzaɓi ba, manomi kuma ba zai bar gona ana tsakiyar noma ba. Maraya ya koma hannu wofi, tsohuwar ta dube shi kamar shi ya ɗora mata ciwon. Mako na gaba sai ya shiga wurin Majo ya dafe ƙugu, ya ce shi ne ba ya iya sunkuyawa.

Tun daga ranar ya zama sana'a, sana'ar da ba a biyansa ko sisi. Jajibirin kasuwa da la'asar sai ya zauna a ƙofar gidansa, masu ciwo su yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Tambaya yake yi kamar likita: tun yaushe, ina ne daidai, suka yake yi ko murɗa, da safe ya fi ko da rana? In tari ne sai ya ce a yi ya ji, ya maimaita har ya kama shi. A hanya yana kora sa yana bita. Ya ɗauki zawon yaro mai haƙori, ya ɗauki ciwon haƙorin mai gari, har an ce wata rana saura kaɗan ya ce wa Majo nononsa na hagu ya yi tsami. Majo ya rubuta a ƴar takarda ya miƙa masa, takardar ta ƙare a wurin mai ƙosai, mako mai zuwa a sake sabon lale. Ni dai ban yarda Majo bai sani ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana taɓa goshin mutane ba a yi masa zazzaɓin ƙarya. Ina jin tausayi ne ya sa ya kau da kai, yana ba da abin da ba zai cutar ba, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Shekara biyu da suka wuce Hafiza ta dawo. Ɗiyar Majo ce, ta yi karatun jinya a Maradi, ta yi aiki can na ɗan lokaci, da idon tsohon ya fara rauni ta karɓi ɗakin duba mutane. Abin da ta fara kawowa shi ne ordinato, wato kwamfuta, da farantin sola a kan rufi, da wata manhaja da ake ajiye labarin marasa lafiya a ciki. Kowa ya zo sai a buɗe masa dosiye: suna, gari, hoto, nauyi, tansiyo, wato awon hawan jini, zafin jiki, abin da ya kawo shi da maganin da aka ba shi. Majo ya yi ta gunaguni, wai shi kansa ne ordinatonsa. Aka bar shi a baranda da rediyonsa da tsofaffin da ba su yarda mace ta taɓa su ba.

Maraya kam abin ya burge shi. Ya gyara hula aka ɗauke shi hoto, ya ce a nuna masa, ya ce an rage masa tsawo. Abin da bai gane ba shi ne wannan takardar ba ta zuwa wurin mai ƙosai. Ya ci gaba da kawo ciwon garinsu, Hafiza ta ci gaba da danna shi a ƙarƙashin sunan Mahamadu Maraya.

Yanzu sai maganar Nana. Ita ce ta farinsa, kuma kamar yadda aka gada, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa. Da aka yaye ta gwaggonsa ta ɗauke ta. In dole ta kama sai ya ce "waccan", ko "yarinyar gidan gwaggo". Wanda bai san mu ba zai ce ƙiyayya ce, alhali duk cikin ƴaƴansa shida babu wadda ke ransa kamarta. Yakan sayo mata takalmi a kasuwa ya ba maƙwabciya ta kai, ya ce a ce tsintuwa aka yi a amalanke. Ta yi aure a wani ƙauye kusa, mijin ya tafi arewa haƙar zinariya, da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida goyon ciki. Uwarta Safi ita ma kunyar ce ta ɗaure ta. Gida guda, mutum uku, kowa na kallon wani wuri.

Wata la'asar Safi na tankaɗe, ta juya masa baya, ta ce kamar da faifai take magana, "Ƙahwahun waccan sun kumbura."

Maraya ya yi kamar bai ji ba. Ranar kasuwa ya shiga wurin Hafiza yana jan ƙafa. Ta danna masa ƙauri da yatsa, ta ga ƙafa kamar icen girki. Ya ce ai da safe kumburin yake yi, tafiya ce ta sauke shi. Ta ce ya rage gishiri ya riƙa ɗaga ƙafa, ta rubuta. Mako na biyu ya kawo ciwon kai mai sara, wanda ba ya jin barci. Ta gwada tansiyonsa, sha biyu bisa takwas, lafiya lau. Ta ba shi ƙwayar ciwon kai, ta rubuta.

A mako na uku ya hango Nana ta wutsiyar ido tana fitowa daga bayan gida tana dafa danga. Fuskar ba tata ba ce, ta cika har idanun sun shige. Safi ta ce yarinyar na ganin wuta-wuta a ido, kuma wani abu na sukarta a ƙarƙashin haƙarƙari. Tsofaffin gari suka ce ba komai, alamar namiji ce. Maraya dai gabansa ya faɗi. Ya san wannan ya fi ƙarfin sautu, amma ya rasa bakin da zai zauna gaban ɗiyar mutane, sa'ar ɗiyarsa, ya ce tasa ta fari na da ciki. Duk tsawon hanyar bai yi bita ba, tsoro kawai yake ji.

Da layi ya zo kansa ya zauna, ya faɗi abin da ya haddace. A karo na farko bai yi nishi ba, bai dafe ko'ina ba. Hafiza ta ɗaura masa abin gwajin tansiyo, ta kwance, ta buɗe dosiyensa don ta rubuta. Sai ta tsaya. Manhajar takan jera zuwan mutum duka a layi, na baya a sama, na yau a ƙasa. Ta daɗe da zargin tsohon, takan yi murmushi ta bar shi kamar yadda ubanta ya bar shi. Yau kuwa layi ukun ƙarshe ne suka zauna kusa da juna a gabanta: kumburin ƙafa, ciwon kai, sannan kumburin fuska da wuta-wuta a ido. Ta juyo da allon ordinaton wajensa, ko da yake ta san bai iya karatu ba.

"Baba Maraya, ka ga wannan? Zuwanka arba'in da ɗaya ke nan. Ka yi masassara sau tara, jikinka bai taɓa zahi ba. Ka yi zawo sau shida, ko rabin kilo ba ka rage ba. Ka yi ciwon haƙorin da ba ka da shi."

Ya yi dariyar yaƙe. "Ikon Allah ne, ɗiyata."

"Ikon Allah ne. Amma ukun nan na ƙarshe, Baba, in sun biyo juna haka, ba ciwon namiji ba ne. Ciwon mai ciki ne, kuma shina kisa. Shina iya kashe ta yau, ita da abin da ke cikinta."

Kunnuwansa suka yi zafi. Ya kafa ido a kan takalminsa. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Hafiza ƴar gari ce, ita ma ta fari ce a gidansu, ta san abin da ya riƙe masa harshe. Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna, ta rage murya.

"Ba ni tambayarka suna. In yi tambaya, in haka ne ka yi shiru, in ba haka ba ka ce a'a. Cikin gidanka take?"

Shiru.

"Ɗiyarka ce?"

Shiru.

"Ta fari?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Wata bakwai?"

"A'a."

"Takwas?"

Ya yi shiru, hawaye ya ɗigo masa a gwiwa. Ya ce, "Ki ba ni maganin in kai mata. Yanzu ni ka tahiya, ko kayan mutane ban jira."

"Babu ƙwayar da zan ba ka, Baba. Ita nike so, yau ɗin nan, kahin rana ta hwaɗi."

Ta leƙa baranda ta kira ubanta. Majo ya shigo, ya manna fuska a allon yana karantawa da ƙyar. Da ya gama bai dubi Maraya ba, Maraya ma bai dube shi ba. Shekara ashirin suna wasan nan tare, yau ga shi an jera musu shi a gilashi. Majo ya zura abin gwajin tansiyo a aljihu, ya ce, "Tashi. Bar sanka nan, da motata za mu."

Motar Majo tsohuwa ce, ta fi saba zuwa masallacin Juma'a da komawa, amma ranar ta yi abin kirki. Sau biyu suna kafewa a yashi, tsofaffi biyu suna tonawa da hannu. La'asar sakaliya suka shiga Zangon Kalgo, yara na bin su a guje. Nana na kwance a ɗakin uwarta. Da ta ji an ce ubanta ne ya zo da likita namiji, sai ta ja zane ta rufe kai, ta ce ita ba ta fitowa. Safi ta yi lallashi, ta ƙi. Tsofaffin mata suka cika tsakar gida, wata na cewa duk haka suka yi nasu, wata na cewa a bari a gama jiƙon da aka sa. Majo ya tsaya a waje yana duban rana.

Maraya bai taɓa taka bakin ɗakin nan ba tun da ta dawo. Ya ratsa matan, ya tsaya a ƙofa, ya dafa asabari. Ya ji duk garin na kallon bayansa.

"Nana," in ji shi. "Nana, tashi mu tahi. Ni na ce."

Tsakar gidan ta yi tsit. Wata tsohuwa ta riƙe baki. Can sai aka ji motsi, Nana ta fito tana laluben bango, ba ta ko ganin gabanta sosai. Majo ya gwada ta nan a kan turmi, sha takwas bisa sha biyu, tansiyo ya hau ƙwarai. Nan take ya buɗe ƙofar mota.

Kafin su iso Dakoro Hafiza ta riga ta yi waya ɗakin haihuwa na babbar likita, asibitin gwamnati, ta karanto musu layi ukun nan da kwanakinsu, aka shirya gado da allura. A bakin ƙofar likitar jijjiga ta fara kama Nana, aka yi ciki da ita a guje. Washegari da hantsi aka yi mata aiki aka ciro ɗiya mace, ƴar mitsitsiya, mai kuka kamar ɗan akuya. Tsofaffin da suka yi alkawarin namiji ba su sake tayar da maganar ba. Uwa da ɗiya suka yi kwana goma sha biyu aka sallame su.

A cikin kwanakin nan ne Hafiza ta zaunar da Maraya suka bi dosiyensa layi-layi. Ta karanta, shi ya faɗi mai ciwon, ta buɗe wa mutumin nasa dosiye ta mayar masa da kayansa. Ashe bai manta ko ɗaya ba. Suka yi ta dariya har suka zo kan wani tari da ya kawo sau biyar a cikin rani guda.

"Wannan na wa ne?"

"Na Malam Yazidu, limaminmu."

"Ya warke?"

"Ya rasu da bazara."

Hafiza ta ɗauke hannu daga ordinaton. Ta ce tarin da ya wuce mako biyu gwajin tarin fuka ake yi masa, kuma akwai magani, da ya zo da kansa da wataƙila an kama shi. Ba ta faɗa don ta ɗora masa laifi ba, har ta ce ita ma da nata, tunda sau biyar ta rubuta ba ta tsaya ta duba sama ba. Amma maganar ta zauna wa Maraya a rai, har yau in ya wuce ƙofar limamin yakan rage tafiya. Ta sa ya kawo matar malamin da ƴaƴansa aka gwada su, aka sami ɗaya da ciwon, yana shan magani yanzu.

Tun daga nan Maraya ya daina ɗaukar ciwo, ya koma ɗaukar masu shi. Ya yi wa amalanken rumfa da zana, ya shimfiɗa tabarma, ranar kasuwa rabi kaya rabi mutane. Masu zuwa ƙofarsa da la'asar ba su daina ba, shi ma bai daina tambayoyinsa ba, sai dai in ya gama sai ya ce, "To, da asuba ka taho da kanka." Wasu na jin haushi, suna cewa tun da ya ga hotonsa a gilashi ya zama ma'aikaci. Shi ko a jikinsa. Ɗingishin ne kawai ya ɗan yi kewarsa, don ya iya shi ƙwarai.

Ranar da Nana ta yi arba'in ya kawo ta awo, ita da jaririyar da Safi. Matan suka shiga, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi, kamar direban da aka ɗauko haya. Kunyar ta dawo wurinta, tun ranar nan bai sake kiran sunan ba. Amma kunnensa na ciki. Ya ji Hafiza ta ce tansiyo ya sauka, sha biyu bisa bakwai, jaririya kuma ta ƙara kilo ɗaya da rabi. Ya ji tana danne-danne.

"Saura wuri ɗaya ban cika ba a dosiyenki," in ji Hafiza. "In wani abu ya taso, wa za a kira? In sa lambar maigidanki?"

"Shina nesa," in ji Nana a hankali. "Ki sa ta Baba."

Maraya ya fara laluben aljihu. Yana da ƴar waya, amma bai taɓa riƙe lambarta a ka ba, a jikin wata takarda take cikin hularsa ko cikin jaka, ya manta. Yana cikin lalube ya ji Nana ta fara faɗo ta, lamba bayan lamba, ba gargada, har ta kai ƙarshe. Bai taɓa ba ta ba. Ba ta taɓa kiransa ba ko sau ɗaya.

Ya tsaya da hannu a aljihu. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, bari ya je ya ba sa ruwa. San kuwa tun da suka iso ya sha ya ƙoshi. Ya je gindin bedin ya tsaya a bayan amalanke, ya daɗe yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.